Abin da gidan Wightwick ya koya mini game da gyaran tsohon gini

A darasinmu na adana tsofaffin gine-gine, malaminmu ya ce kowa ya zaɓi gida ɗaya daga cikin waɗanda dokar Ingila ta kare, ya zana shi da hannu, ya kuma bayyana yadda aka gina shi. Ni na ɗauki Wightwick Manor da ke bakin birnin Wolverhampton.

Duk wanda ya hango gidan nan zai rantse tun zamanin sarautar Tudor yake tsaye, wato tsakanin 1485 da 1603. Alhali a 1887 aka gina wa Theodore Mander shi, ɗan gidan masu kamfanin fenti, masanin tsara gini Edward Ould kuma shi ya tsara shi. A 1893 suka ƙara wani sashe mai ƙaton falo, aka shirya shi kamar zauren da ya shekara ɗaruruwa. Tun farko kuwa akwai wutar lantarki a gidan, da na'urar ɗumama ɗakuna. Mutanen lokacin kamannin tsohon gida suke so, amma ba sa son sanyinsa da duhunsa.

Zanen bangon ne ya fi cin lokacina, kuma nan na fi ƙaruwa. Daga ƙasa jan dutse da jan bulo, daga sama baƙin katakon oak a giciye, an cike tsakaninsa da farin yaɓe. Sai ka zauna da fensir kake gane cewa sashen 1887 bai kai na 1893 ado ba: a na biyun katakon ya sha sassaƙa, tsarinsa ya fi yawan lanƙwasa. Bututun hayaƙi ma ba a bar su haka ba, an jera bulonsu a murɗe, aikin da sai ƙwararren magini. Hoto ba ya nuna maka waɗannan. Hannu ne ke tilasta wa ido ya tsaya.

Na kuma fahimci abin da kariya take nufi a aikace. Gidan yana mataki na ɗaya a jerin gine-ginen da doka ta kare, wanda gine-gine kaɗan ne ke kai shi, kuma tun 1937 yana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi. A gini irin wannan, ko taga za ka sauya sai da izinin hukuma. Ba fuskar gidan kaɗai ake karewa ba, har cikinsa, inda takardun bango na kamfanin William Morris, shahararren mai zanen adon ɗaki, suke manne har yau.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne batun danshi. Katako da yaɓen farar ƙasa suna shan ruwa, su kuma sake shi idan iska ta kaɗa. Ka shafa siminti ko fenti mai toshewa a kai, ruwan zai maƙale a ciki, katakon ya ruɓe ba ka sani ba. Duk wanda ya ga an lulluɓe katangar laka da siminti a Kano ko Zariya, bayan 'yan damuna ta kumbura ta zube, ya san wannan ciwon. Shi ya sa a rahotona na ba magudanan ruwan rufi shafuka fiye da sassaƙa, na kuma rubuta cewa duk inda yaɓe ya tsage, da farar ƙasa za a mayar da shi.