Kayen da ba na sa wa jan biro

Aikina koyar da manya karatu da rubutu da Hausa, a wani ajin mata na yaƙi da jahilci a nan Maraɗi. Buƙatun masu zuwa a fili suke: mace ta karanta saƙon waya ba sai ta kira yaro ba, ta rubuta bashin da take bin masu sarin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta gane abin da ke cikin katin awo. Wannan nake koyarwa kullum. Amma abin da ya fi koya mini darasi shi ne littafin rubutu na biyu, kaye kamar yadda muke cewa, wanda nake miƙa wa kowace idan hannunta ya faɗa. Nakan ce mata wannan nata ne, ta rubuta abin da ke cin ranta, ba zan duba ba sai in ita ta so.

A wajen horon malamai na samo dabarar. A wani bincike da aka buga a 1986, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, tare da Sandra Beall, sun sa ɗaliban jami'a yin rubutu na minti 15 kullum, kwana huɗu a jere. Wasu aka ce su rubuta abubuwan yau da kullum marasa nauyi, wasu kuma abin da ya fi girgiza su a rayuwa. Waɗanda suka haɗa labarin abin da ya faru da yadda suka ji a ransu sun tashi daga rubutun zuciyarsu a jagule, amma a watannin da suka biyo baya zuwansu asibitin makaranta ya ragu.

Mu an raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A gidan rasuwa "sai haƙuri" ake cewa, kuma ban raina wannan tarbiyya ba, ita ta riƙe iyayenmu a shekarun da babu abin riƙewa. Sai dai haƙuri yana hana baki magana ne, abin kuwa yana nan zaune. Na lura takarda tana ba mace wurin da za ta sauke shi ba tare da ta keta kunya ko ta tona asirin gidanta ba.

Wata dattijuwa daga wajen Tibiri ta tsaya wata rana bayan kowa ya watse. Ta ce, "Malama, akwai sunan da nake so ki nuna mini yadda ake rubuta shi." Na ce, "Wane suna, Inna?" Ta sunkuyar da kai, can ta ce, "Irin na yaron nan mai kawo mana ruwa." Na rubuta a allo. Ta kwafa harafi bayan harafi, tana danna biro har ya huda takardar. Ashe sunan ɗanta na fari ne. Ƙyanda ta ɗauke shi a shekarar yunwar El Buhari, ta 1984 zuwa 1985, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Yana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, da ya rasu kuma babu wanda ya sake ambatarsa a gabanta. Ta cika shafi guda da sunan nan kaɗai kafin ta iya ƙara wata kalma a bayansa. Har yau ba ta furta shi da baki, ni kuma ban taɓa neman ta furta ba.

Daga baya Pennebaker ya yi amfani da kwamfuta ya ƙirga kalmomin irin waɗannan rubuce-rubuce. Ya gano cewa waɗanda suka fi samun sauƙi su ne waɗanda, daga ranar farko zuwa ta ƙarshe, maganarsu ke ƙara cika da dalili da fahimta, suna kuma duban abin ta idon wani ba nasu kaɗai ba. Na ga haka a wajen wata da ta zaɓi ta karanta mana nata. Da fari layi ɗaya take ta maimaitawa game da yunwar 2005: mijinta ya tafi ya bar su. Da ta ci gaba sai rumbun da ya ƙare tun kafin bazara ya shigo rubutun, da farin ɗango da ƙarancin ruwan daminar 2004, da tiyar hatsi da ta gagari talaka, da layin mata masu goyo a wurin ba yara abinci. A ƙarshe ta rubuta cewa ya tafi ne don ba zai iya zama yana kallonsu ba. Ba ta ce ya kyauta ba. Amma muryarta a karatun ƙarshe ba irin ta farko ba ce.

Wasu kuma tarihin gida suke bi. Akwai wadda ta rubuta abin da mahaifiyarta ta ba ta labari na ambaliyar Gulbi ta 1945, wadda ta sa garin Maraɗi ya taso daga kwari ya hau tudu.

Abin yana da iyaka, kuma dole in faɗa. Binciken da aka tattara daga baya ya nuna amfanin matsakaici ne, ba kowa yake yi wa aiki ba. Shi ya sa ba na ba mai takaba ko wadda ta yi sabon rashi wannan aiki. Ina gaya musu tun farko cewa ranakun fari za su fi nauyi, kuma duk wadda ta ji abin ya fi ƙarfinta ta ajiye biro. Wadda barci da abinci suka gagare ta makonni, likita take buƙata da mutumin da ta yarda da shi.

Sai maganar ajiya. A gidan da akwai abokiyar zama da yara 'yan lakwal masu karanta duk abin da suka tsinta, kaye irin wannan yana iya tada fitina. Muka sayi akwatin ƙarfe da kwaɗo muka ajiye a aji. Wasu kuma suna yage shafin su kai murhu da zarar sun gama, ba na hana su.

Roƙona ga masu shirya mana horo shi ne su ƙara mana darasi guda. An koya mana yadda za mu riƙe hannun babba ya zana harafi, ya kamata a koya mana abin da malama za ta yi idan ɗalibarta ta fashe da kuka a tsakiyar shafi, da inda za ta tura ta idan kukan ya ƙi tsayawa.