Da aka ce za a buɗe ƙirjin Umma

Rashin lafiyar da ta zo farat ɗaya ba ta ba mutum sararin tsoro, ana ta guje-guje ne har a ga abin da Allah zai yi. Tiyatar zuciya irin wadda aka yi wa Umma kuwa rana ake yanka maka. Ka san ranar, ka san lokacin da za a shiga da ita, kuma babu abin da ke hannunka sai jira. A wannan jiran mutum yake ramewa.

Umma ta daɗe da ciwon suga, ga hawan jini. Gajiya ce ta kai mu asibiti. Ta taka matakala kaɗan sai ta tsaya tana haki, wani lokaci ta ce tana jin nauyi a muƙamuƙi da tsakanin kafaɗu. Ba ta taɓa dafe ƙirji ta ce yana mata ciwo ba. Likita ya bayyana mana cewa a jikin mata, da kuma masu suga, ciwon jijiyoyin zuciya yakan zo a haka, a ɓoye, domin suga idan ya daɗe yana dakushe jijiyoyin da ke kai saƙon raɗaɗi. Aka yi mata hoton da ake kira anjiyogiram: a zura siririn tiyo ta jijiyar wuyan hannu, a tura shi har bakin zuciya, a saki wani ruwa mai bayyana a hoto. Na ga hoton da idona. Jijiyoyi uku ne, kowace da inda ta tsuke, ɗaya daga cikinsu sai da likitan ya ɗora kan biro a wurin kafin na iya ganin 'yar hanyar da ta rage wa jini.

Na tambaye shi ko ba za a sa mata sitent ba, wato 'yar ragar ƙarfen nan da ake buɗe jijiya da ita ba tare da an tsaga ƙirji ba. Ya ce ga wanda jijiyoyi uku suka toshe kuma yana da suga, tiyata ta fi ƙarko kuma ta fi tsawaita rai. Daga nan jikina ya yi sanyi, sauran bayanin da ya yi sai daga baya Yaya ya maimaita min.

Dare shi ne abokin gaba. Da rana akwai gwajin jini, akwai hoton ƙirji, akwai takardun da za a cike. Da an kashe fitila sai tunani ya miƙe tsaye. Waya tana kusa, kuma a intanet labarin wanda aikinsa ya ɓaci ya fi yawo, domin wanda aka yi wa lafiya ya koma gida ba ya zama ya rubuta komai. Abin da ya fara sassauta min shi ne wani ɗan littafi da na ajiye kusa da gado. Duk tambayar da ta tashe ni sai na rubuta ta, na rufe, na ce wannan ta likita ce. Ranar ganin likitan tiyata na tafi da shi, na bi su ɗaya bayan ɗaya, bai nuna gajiya ba.

Ga yadda ya kwatanta aikin. Ba a taɓa wurin da ya toshe, ana barinsa yadda yake. Kamar hanya ce ta lalace a tsakiya, sai a buɗe wata ta gefe wadda za ta haɗu da ita a gaba. Ana ɗauko jijiya lafiyayya daga jikin mutum shi kansa, ɗaya daga cikin bangon ƙirji, wasu daga ƙafa, wani lokaci daga hannu, a ɗinka ta a gaban toshewar don jini ya bi ta can ya isa naman zuciya. Idan ka ji an ambaci uku ko huɗu a wannan aiki, yawan sababbin hanyoyin ake nufi, ba ma'aunin haɗari ba ne. Kafin a kai ga zuciyar sai an raba ƙashin tsakiyar ƙirji, bayan an gama a ɗaure shi da wayoyin ƙarfe marasa tsatsa, su zauna a jiki har abada.

Sai ya zo wurin da ya fi tsaya min a rai: za a tsayar da zuciyar. Ana haɗa mutum da wata na'ura mai karɓar jini ta sa masa iskar oksijin ta mayar da shi jiki, tana yin aikin zuciya da huhu gaba ɗaya. Sannan a zuba wa zuciyar wani ruwa mai sinadarin fotashiyam, ta kwanta shiru don a samu a yi ɗinki a kan jijiyar da faɗinta bai wuce milimita 2 ba ko kusa da haka. Idan an gama aka sake mata jini, yawanci da kanta take tashi, wani lokaci sai an taimaka mata da ɗan lantarki. Na kwana da wannan maganar. Ta yaya za a tsayar da zuciyar uwarka ka ce ka yarda?

Tarihin abin ya taimaka min fiye da yadda na zata. Tun 1953 wani likita, John Gibbon, ya yi aikin farko da ya yi nasara da wannan na'ura a Filadelfiya ta Amurka. A 1967 René Favaloro, ɗan Ajantina da ke aiki a Cleveland, ya fara amfani da jijiyar ƙafa wajen wannan tiyata ta yadda duniya ta ɗauka. Sama da shekara 50 kenan ana yi, kuma dubban ɗaruruwan mutane ake yi wa a kowace shekara. Abin da yake mana tashin duniya, ga mutanen da ke cikin wannan ɗakin aikin safiya ne da hannunsu ya saba da shi.

Na kuma tambayi haɗarin kai tsaye, domin rashin tambayar ya fi amsar azaba. A aikin da aka shirya wa, ba na gaggawa ba, waɗanda ke rasa rai sukan kasance tsakanin mutum 1 zuwa 3 cikin 100, kuma adadin yana hawa ko sauka gwargwadon shekaru, ƙarfin zuciya da lafiyar ƙoda da huhu. Akwai kuma haɗarin shanyewar ɓarin jiki, zubar jini, da ƙwayoyin cuta a ciwon. Adadin shi kaɗai bai kwantar min da hankali ba. Tambaya ta biyu ce ta yi: idan ba a yi ba fa? Da ya amsa wannan sai na gane cewa Umma tana cikin haɗarin tun tuni, tiyatar ce hanyar fita.

Duk wannan nawa tsoron ne. Na Umma daban.

Masu zuwa gaishe ta kashi biyu ne. Wasu su ce, "Ai ƙaramin aiki ne, kamar ba a yi ba." Wasu su kawo labarin wani da aka shiga da shi bai fito ba. Dukansu da kyakkyawar niyya, kuma dukansu sun bar ta ita kaɗai da abin da ke ranta. Tana yi musu murmushi tana godiya. Wani dare ina shafa mata mai a ƙafa na ce, "Umma, me ya fi ba ki tsoro a ciki?" Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce mutuwa ba ta dame ta ba, wannan ta bar wa Mai ita. Abu biyu ne. Ta ji an ce za ta farka da tiyo a maƙogwaro, tana tsoron ta farka tana son magana ta kasa, a ɗauka ba ta cikin hayyacinta. Na biyu kuma kada ta zame mana kaya.

Na biyun ba a magance shi da magana ɗaya. Na farkon kuwa yana da magani. Muka tambayi nas, ta ce tiyon numfashin yawanci ana cire shi cikin sa'o'i kaɗan bayan mutum ya farfaɗo yana numfashi da kansa, kuma mutane da yawa ba sa ma tuna shi. Ni da Umma muka yi alkawari: idan na riƙe hannunta na yi tambaya, matsa ɗaya "e" ne, matsa biyu "a'a". Muka gwada a kan gado har ta yi dariya. Daren nan ta yi barci, ni ma haka. Ina ganin da yawanmu muna ɓoye wa iyaye tsoronmu don kada mu ƙara musu, su ma suna ɓoye mana nasu don kada su ƙara mana, kowa yana ɗauke da kayansa a ɗaki ɗaya. Tambaya ɗaya a lokacin da babu baƙi tana sauke rabin kayan.

Mun raba aiki. Yaya shi ke magana da likitoci, ƙanwarmu ita ke sanar da dangi da saƙo ɗaya don kada waya ta hana kowa sakat, ni kuma magunguna. Wannan ɓangaren ba wasa ba ne. Akwai magungunan tsinka jini da ake dakatarwa kwanaki kafin aikin, akwai waɗanda ake ci gaba da su, kuma likita ne kaɗai zai ce wanne ne wanne. Duk abin da take sha, har wanda ba asibiti ya rubuta ba, na jera musu a takarda. Suga kuma sai da aka matsa masa lamba, domin idan ya hau ciwo ba ya saurin warkewa. Damuwar da aka ba aikin yi ba ta cin mutum kamar wadda ke zaune.

Ranar kanta ba ni da dogon labari a kai. Aikin yakan ɗauki awa 3 zuwa 6, ban da shirin sa barci da kintsawa bayan an gama, don haka shirun da ya yi tsawo ba alamar wani abu ba ne. Na ci abinci ko da ba na jin daɗinsa, na yi addu'a, na yi ta zirga-zirga a baranda.

Abin da nake so kowa ya shirya masa shi ne ganin farko a ɗakin kulawa ta musamman. Allah Ya saka wa nas ɗin da ta tsayar da ni a ƙofa ta gaya min abin da zan tarar. Fuskar Umma ta kumbura saboda ruwan da aka ƙara mata. Hannunta sanyi ƙalau. Tiyo a baki, wasu a ƙasan ƙirji suna fitar da jini da ruwa zuwa wani akwati a ƙasan gado, siraran wayoyi sun fito ta fata don daidaita bugun zuciya idan an buƙata, allura a wuya, na'urori suna ta ƙara. Da ba a faɗa min ba da na zube a wurin. Na riƙe hannun na ce, "Umma, ni ce. An gama. Kina ji na?" Ta matsa sau ɗaya.

Washegari aka zaunar da ita a kujera, ba a daɗe ba aka fara taka mata a baranda. Zuciyata ta so a bar ta ta huta, amma kwanciya ce ke kawo ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa. Aka ba ta matashi ta rungume a ƙirji duk lokacin da za ta yi tari, kuma tarin dole ne ko da yana da zafi. Wani dare ta rikice, ta ce a kira mata mahaifiyarta da ta rasu tun ina ƙarama. Wannan ya girgiza ni fiye da tiyoyin. Ashe ruɗewa ta ɗan lokaci tana yawan samun tsofaffi bayan babban aiki, kuma ta wuce. Bugun zuciyarta ma ya taɓa hargitsewa, abin da ke samun kusan mutum 1 cikin 3 ko 4 bayan irin wannan tiyata, aka daidaita shi da magani. Bayan kamar mako guda aka sallame mu.

A gida ne aka fi buƙatar mu, kuma a nan ne masu gaisuwa suka ragu. Ƙashin ƙirji yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, cikakkiyar warkewa kuwa takan kai wata 3. Babu ɗaukar kaya mai nauyi, babu dogara da hannu wajen tashi daga gado. Ƙafar da aka ciro jijiya ta fi ƙirjin damun ta, tana kumbura sai an ɗaga ta. Na koyi duba ciwon kowace safiya: ja, zafi, ruwa ko mugunya, zazzaɓi, jin ƙashi yana motsi, ƙaruwar haki. Ko ɗaya daga cikinsu ya bayyana, asibiti ne, ba a jira ranar komawa.

Sai kuka. Umma da ba ta kuka a gabanmu sai ga ta hawaye na zuba ba dalili, ba ta son abinci, tana cewa ba za ta koma yadda take ba. Tsoronta na biyu ne ya dawo. Likita ya ce irin wannan baƙin ciki da karaya bayan wannan aiki sananniyar aba ce, kuma idan ta daɗe ana magance ta kamar kowane ciwo. Abin da ya ɗaga ta shi ne shirin motsa jiki na masu ciwon zuciya da aka sa ta, inda ta haɗu da wasu masu irin tabonta, da kuma ƙananan ayyukan da muka riƙa mayar mata a hannu maimakon mu yi mata komai.

Ni nawa ya zo ne a makare. Sai da ta fara samun sauƙi sannan barci ya ƙaurace min, gabana yana faɗuwa da an kira waya. Da abin ya ƙi tafiya na gaya wa likita, na kuma yarda Yaya da ƙanwarmu su karɓi wasu darare. Mai jinya ma jiki ne da jini.

Tiyatar ba ta cire ciwon ba, sababbin jijiyoyin ma suna iya toshewa. Umma za ta ci gaba da shan asfirin da maganin rage kitsen jini da na suga da na hawan jini, tana tafiyarta kowace yamma. A ganinmu na ƙarshe da likitan ya juyo gare mu ya tambayi yaushe rabonmu da awon jini da suga, domin ciwon yana bin gida. Mu ukun muka je. An samu Yaya da hawan jini, ya fara shan magani.