Ƙishi ne ya kashe takalmina na farko

Takalmin fata mai dogon wuya na farko da na mallaka, ni na kashe shi da hannuna, alhali ina ganin gata nake masa. Kusan kullum sai na lafta masa folish, na bi shi da buroshi har yana ɗaukar ido. Ran nan ruwan sama ya kama ni a hanya, takalmin ya jiƙe sharkaf har ciki. Ina isa gida na jingina shi kusa da wuta don in samu na sawa da safe. Gari na wayewa na tarar ya bushe ƙayau, ya tsuke, ya yi tauri kamar katako. Ba a yi mako biyu ba fatar ta dare daidai inda yatsu ke lanƙwasawa.

Na kai wa wani dattijon baduku. Ya juya shi, ya danna wurin da babban yatsa, ya ce mini ƙishi ne ya kashe shi: na yi ta masa kwalliya, ban taɓa ba shi mai ba. Da na tambaye shi gyara, sai ya ce zai iya cike tsagar ya ɓoye ta, amma fatar da ta dare ba ta komawa.

Daga baya na fahimci abin da yake nufi. Fata zaruruwa ne sarƙe da juna, kuma bayan an jeme ta ana ɗura mata mai don zaruruwan su riƙa zamewa a kan juna duk lokacin da ƙafa ta lanƙwasa. Idan ruwa ya shiga, yana tafiya da wani abu na man nan wajen bushewa, zafi kuwa ya ƙarasa ɓarnar. Shi folish yawancinsa kaki ne da launi, a sama yake zama. Ashe ƙyallin da nake alfahari da shi ko kusa bai kai inda ƙishin yake ba.

Da na sayi na biyu, sai na zarce gona da iri. Na samo man fata, irin wanda ake tatsowa daga ƙashin ƙafar shanu, na yi ta zuba masa duk mako kamar mai ramuwar gayya. Takalmin da yake ruwan ƙasa mai haske ya koma kusan baƙi, wuyansa ya saki ya langaɓe, ƙura na manne masa kamar an shafa danƙo. Sai da na yi watanni ban kusance shi da mai ba kafin ya ɗan farfaɗo, launin kuwa ya tafi ke nan. Har yau idan na dube shi sai in ji haushin kaina.

Yanzu abin da nake yi bai da yawa. Nakan zare igiyar, in kakkaɓe ƙasa da buroshi, in bi ɗinkin da ya haɗa fata da ƙasan takalmi da tsohon buroshin haƙori, domin nan yashi ke ɓuya yana cin zare a hankali. Sai in goge da tsumma mai ɗan laima, in bar shi ya sha iska. Idan zan sa mai, na kan yatsa ya isa. Ina murza shi a zagaye, in fi ba da ƙarfi a lanƙwasar yatsu da gefen harshe, wato fatar da ke ƙarƙashin igiya, in bar shi ya kwana, da safe in share abin da fatar ta ƙi sha. Sau ɗaya a wata 3 ko 4 nake yin haka, kuma ba kalanda nake dubawa ba. Idan fatar ta yi fari-fari, ko na ɗiga ruwa ta shanye nan take, to lokaci ya yi. Duk sabon mai kuwa sai na fara gwada shi a cikin harshe, inda ido ba ya kaiwa. Man girki ban yarda da shi ba, yana daɗewa sai ya yi wari. Fata mai gashi-gashi kuma ba a sa mata irin wannan mai sam, buroshinta daban.

Idan ya jiƙe, tsohuwar jarida nake cusa masa, in canza ta idan ta sha ruwa, in ajiye shi a inuwa kwana ɗaya ko biyu. Ba wuta, ba rana. Farin zanen gishiri da gumi ke bari yakan fita da ruwan khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi. Na taɓa ƙulle shi a leda na yi tafiya, na dawo na tarar fumfuna ta yi masa kore, don haka yanzu a sarari yake zama inda iska ke ratsawa.

Na farkon nan ban yar da shi ba. Da shi nake shiga laka, ruwa na shigowa ta tsagar ƙafar hagu.