Abin da na koya daga ɗaukaka ƙara a Ingila

Duk mai aikin kula da tsofaffi a Ingila ya san irin manajar nan da in Bature ya makara sai ta ce ai cunkoso ne a hanya, in kuwa baƙar fata ne sai takardar gargaɗi. Tawa haka take. Tunda na rubuta ƙorafin wariyar launin fata ta mayar da ni aikin dare, ta goge sunana daga masu zuwa kwas, in mun haɗu a kicin kuma sai murmushi kamar ba ita ba. Wannan ramuwar gayya kan mai ƙorafi dokar daidaito ta 2010 ta haramta a sashe na 27, kuma alhamdulillahi nan na yi nasara a kotun ma'aikata. Batun wariyar kanta ne suka ce ban kawo abin da zai sa nauyin hujja ya koma kan kamfani ba, wai don launinmu daban kuma an yi mana daban, hakan kaɗai bai isa ba.

Da na ɗaukaka ƙara na gane kotun sama ba ta sake sauraron shaidu, ba ruwanta da waye ya yi ƙarya, kuskuren doka kawai take nema a hukuncin da aka rubuta, shi ya sa abin da ba ka ajiye gaban kotun farko ba da wuya ya ƙara yi maka amfani. Wallahi abin da ciwo, ka san matar nan ta zabga ƙarya bayan ta yi rantsuwa amma babu inda za ka kai wannan maganar. Ko Efobi, ɗan Najeriyar nan mai raba wasiƙu a Royal Mail, sai da ya kai Kotun Ƙoli a 2021 kuma a kan nauyin hujjar nan ya faɗi.

Wa'adin ɗaukaka ƙara kwana 42 ne daga ranar da aka aiko da dalilan hukunci a rubuce, ba ranar da ka gani ba, ƙarfe 4 na yamma ake rufewa. In alƙali ya yi watsi da ƙarar tun a takarda kana da kwana 14 ka nemi a saurare ka baki da baki. Ka shiga ƙungiyar ƙwadago tun kafin rigima.

Ni dai na ajiye aiki, ita tana nan a ofis ɗinta. Sababbin da suka zo daga Najeriya da Gana na faɗa musu su riƙa ɗaukar hoton jadawalin aiki duk sati, duk abin da ta faɗa da baki su tura mata imel su ce ta tabbatar.