Esi a Legas: kuɗin da ba a rubuta a jikin kwali ba

Duk ɗan Arewa da ya sauka Legas a watan Maris sai abu ɗaya ya ɗaure masa kai. Waya tana nuna masa digiri 32 ko 33, zafin da mutumin Kano ko Sakkwato zai ce yau an samu sauƙi, amma kafin ya kai bakin titi riga ta manne masa a baya. A Kano cikin Afrilu zafi yana kai 40, iska kuwa a bushe take, gumi na fita yana bushewa. A nan iskar a jiƙe take, laimar da ke cikinta takan wuce kashi 80 cikin 100, gumi ya fito ya rasa inda zai je. Shi ya sa randar da ke ba ka ruwa mai sanyi a tsakar gida a Kano, in ka kawo ta Agege ba za ta yi maka wannan aikin ba. Haka ma kular nan mai fanka da ake zuba wa ruwa, wadda ake rububinta a Arewa da bazara. A Legas danshi kawai take ƙara wa ɗaki.

Na daɗe ina zaune da fanka, ba na ƙorafi. Abin da ya sa na shiga maganar esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi ne zuwan Hajiya. Ta zo aikin ido, likita ya ce ta ɗan zauna kusa. Tsohuwa ce mai haƙuri, ba za ta taɓa cewa ta takura ba, amma da asuba in na shiga gaishe ta sai in tarar da ita zaune a kan darduma tana fifita da murfin kwali, matashinta a jiƙe. Ga ƙaramar 'yarmu da ke kwana tare da ita, ƙurajen zafi sun feso mata a wuya da baya. Daga nan na daina ganin esi a matsayin kayan ƙawa.

Akwai wani tarihi da nake so masu sayar da kayan nan su sani. A 1902, lokacin da Willis Carrier ya ƙera na'urarsa a Amurka, ba don mutane su ji sanyi ya yi ta ba. Wata maɗaba'a ce a Brooklyn laima ke kumbura mata takarda, launukan bugu suna kaucewa, shi kuma ya nemo hanyar tsane ruwan da ke cikin iska. Wato tun asali rabin aikin esi busar da iska ne, kuma a gari irin Legas wannan rabin shi ne abin da kake biya wa kuɗi.

Da na shiga kasuwar Alaba, shago uku a jere magana ɗaya suke yi: «Alhaji, ɗauki babba ka huta, mai ƙarfin doki biyu, minti biyar ɗaki ya zama firji.» Ɗakin Hajiya kuwa taku 12 ne a 12, a ƙasa, rana ba ta dukan bangonsa da yamma. Mai doki ɗaya, wanda ke ba da kusan BTU 9,000 (ma'aunin ƙarfin sanyayawa ke nan), ya ishe shi. Mai ɗaya da rabi yana kai 12,000, mai biyu 18,000. In na'ura ta fi ƙarfin ɗaki, nan da nan take sauke zafi ta tsaya, ba ta yi aikin da zai isa ta tsotse laimar ba. Sai ka samu ɗaki mai sanyi amma jiki na danƙo, zanin gado kamar bai gama bushewa ba, a hankali fumfuna ta fara hawa takalma da bayan wadirob. Ka biya kuɗi da yawa, ka sayi rashin daɗi. Mai inbata na ɗauka, domin shi kwamfiresarsa, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi, ba ta tsayawa ta tashi, tana rage gudu ne ta ci gaba a hankali, kuma wannan tafiyar hawainiyar ita ke busar da iska. Na ba da kusan naira 400,000. Kafin a saki darajar naira a tsakiyar 2023 irin wannan kuɗin zai sa maka esi a ɗaki biyu, amma kayan daga waje ake shigo da su, dala suke bi.

Ranar ɗaurawa aka fara lissafi na biyu. Bututun jan ƙarfe da ke zuwa a kwali gajere ne, mai gidan hayarmu kuma ya ce ba a gaban gida za a rataya injin waje, wato ɓangaren esin da ke zama a wajen ɗaki, ba, sai ta baya. Aka ƙaro bututu, kowace mita da kuɗinta, da soson da ake naɗe shi da shi. Aka sayi ƙarfen da zai riƙe injin, aka kira mai walda ya yi masa keji saboda masu ɗauke-ɗauke. Aka ja waya ta musamman tun daga allon wuta da abin katse wuta nata, domin soket ɗin ɗakin ba a yi shi don irin wannan nauyi ba. Aka ƙara na'urar da ke tsare shi in wuta ta zo da ƙarfi ko ta yi ƙasa. Da na haɗa da ladan aiki, abin ya kusa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin esin kansa.

A ladan aikin nan ne mutane ke son ragi, ni kuwa nan ne nake roƙon kowa kada ya yi ƙoro. Injiniyan da ya yi mana, wani ɗan Kaduna ne da ya daɗe a nan, bayan ya ɗaure bututu bai buɗe gas ba. Ya ciro wani ɗan injin zuƙe iska daga jaka, ya haɗa shi da agogon awo, ya kunna, ya zauna a kan bokiti yana kallon allura. Na ce, «Injiniya, lafiya? Ba a gama ba ne?» Ya ce, «Alhaji, iskar garin nan ruwa ce. In na rufe ta a cikin bututu, za ta gauraya da man kwamfiresa ta riƙa cin ta ta ciki. Ba yau za ka gani ba, sai ranar da garanti ya ƙare.» Da ya kashe injin ma bai tashi ba, sai da ya tabbata allurar ba ta motsa. Sannan ya buɗe gas, ya kaɗa omo a ruwa ya shafa kumfar a kan kowace mahaɗa, ya sunkuya yana duba ko za ta hura ƙwai. Masu aikin gaggawa ba sa yin ko ɗaya, ɗan gas kawai suke saki ya yi fiii su ce an kore iska. Su ne kuma za su dawo bayan wata shida su ce gas ya ƙare, a kawo kuɗi. Gas ɗin esi ba mai ba ne da ake ƙonawa, zagayawa yake yi a rufe. In ya ragu, wani wuri ne ke yoyo, kuma a nemo wurin a toshe shi ne gyara.

Sai ruwa. Wanda bai zauna a kudu ba ba zai yarda da yawan ruwan da esi ke fitarwa ba. Kafin a haɗa tiyon da magudana mun tara masa ƙaramin bokitin fenti, da gari ya waye ya cika har yana zuba. Tiyon nan in bai samu gangara ba, ruwan ciki yake komawa, ya bi bango ya ɓata fenti, in a bene kake kuma ya haɗa ka faɗa da maƙwabcin ƙasa.

Babban kuɗin dai yana wajen mita. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga farashin wutar 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya ya dawo 209.5. Ga lissafi mai sauƙi: esi mai doki ɗaya in yana aiki da dukkan ƙarfinsa yana jan wat 800 ko kusa da haka. Awa 8 a dare, kwana 30, yunit 192 ke nan, sama da naira 40,000 a wata kan ɗaki ɗaya, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000. Wanda ba ya rukunin A wutarsa ta fi araha amma ba ta zama, sai janareto, ƙarami kuma ba ya tada esi, ga fetur da kowa ya san inda ya kai tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Mu abin da ya sassauta mana shi ne mun bar esin a digiri 25 maimakon 16, muka haɗa da fanka a hankali. Tagogin ɗakin irin na da ne masu fallen gilashi, iska na shiga ta kowane saƙo, sai muka canza su, muka sa roba a ƙasan ƙofa. Duk iskar waje da ta kutso, ruwa ne sabo da na'ura za ta sake tsanewa da kuɗinka. Matatar ƙurar ma a kai a kai uwargida ke cire ta ta wanke. 'Yan'uwanmu da ke Ajah da Lekki suna da ƙarin nasu nauyin, iskar teku mai gishiri tana saurin sa wa injin waje tsatsa.

Hajiya tana barci yanzu, ƙurajen yarinya sun baje. Amma abin yana damuna in na fita sallar asuba na ga maƙwabta, masu gadi da 'yan acaba da masu dako a Mile 12, sun shimfiɗa tabarma a baranda saboda ɗakunansu ba sa shiguwa. Gidajen haya ne da aka gina manne da juna, taga ɗaya, kwano a sama ba rufin kirki a ƙarƙashinsa. Ɗakin yarana maza ma haka yake, kuma ba ni da halin esi na biyu. Na je wajen mai gida da maganar a fasa taga ta biyu a bangon da ke fuskantar ta farko, a kuma sa silin mai kauri. Ya yarda da silin, za a cire kuɗin a hayar baɗi. Tagar kuwa ya ce sai ya yi shawara da 'ya'yansa, ni kuma zan koma masa da maganar bayan sallah.