Kilo uku da rabi na naman Sallah, da yadda na kwantar da kaina sati bakwai a kansu

Har yau in na tuna sai na ji haushin kaina wallahi, don naman da na ci bai min komai ba, abin da na yi bayan na sauka daga kan sikeli shi ya cuce ni.

Shekarata huɗu ina ɗaga ƙarfe, da gwangwanin siminti na fara a lungunmu kamar kowa, daga baya na koma wani ɗan jim a unguwa. Kafin Babbar Sallar 2024 na yi wata biyu ina rage ƙiba, na sauko daga kilo 87 zuwa 82, tuwo malmala ɗaya, lemo ko a ido, shayi ba suga, har 'yan majalisa suna min tsiya wai ko likita ne ya hana ni. Cikina ya fara fito da layi, kullum sai na ɗaga riga a gaban madubi.

Toh sai ga Sallah. Ranar farko hanta da kayan ciki, washegari Hajiya ta kafa kaskon suya a tsakar gida, ana tsamo nama daga mai ana zubawa a kwando, ni kuma aka ce in zauna in dinga korar yara, ka ji an ba kura ajiyar nama. Duk tsamowa sai na ɗauki biyu uku da zafinsu ina dangwala yaji. Hajiya na kallona tana cewa "ci mana ɗan nan, dubi yadda wuyanka ya fito." Ga waina da miyar taushe da safe, gidan Kawu shinkafa da langaɓu, gidan surukai kuwa wa ya isa ya ce ya ƙoshi, aka dire min dambun nama da cincin da lemo mai sanyi, na sunkuyar da kai na yi abin da ya kamata. Kwana uku haka. Da daddare ƙwannafi ya hana ni bacci, ciki kamar ganga, ƙishirwa kuwa jarka nake ajewa a gefen katifa.

Rana ta huɗu na hau sikeli, 85.5. Na sauka na cire riga na sake hawa, 85.3. Raina ya ɓaci, na ce shikenan wahalar wata biyu ta tafi a kwana uku.

Nan ne fa na tafka wautar. Wani abokina ya ce ai sai na wanke ciki, na sayo filasko na jiƙa na shanye kofi guda, na wuni ina zarya banɗaki har ƙafata na rawa. Ban tsaya nan ba, kwana biyu shayi kawai nake sha, da yamma in sa rigar sanyi in zagaya filin ƙwallon unguwa wai ina fitar da maiƙo ta gumi, a watan Yuni fa, zafin Kano da damina bata gama kankama ba. Sikeli ya sauko 82 ɗin, na ji daɗi, na ɗauka na yi dabara. Washegari na shiga jim na jera kilo 140 a dedilif, wato ka sunkuya ka ɗago ƙarfe daga ƙasa har ka miƙe, da ma kafin Sallah 150 nake ɗagawa sau uku, a ganina ma ragi na yi wa kaina. Na farko ya tashi da ƙyar. Na biyu ƙarfen na kai gwiwa idona ya yi duhu, bayana ya lanƙwashe, na ji wani abu ya tsarga min a ƙugu kamar an soka min allura mai zafi. A keke napep aka kai ni gida, sati biyu a zaune nake sallah.

Mai gashin ƙashin da ya duba ni a asibiti dattijo ne, yana danna bayan yana tambayata me na ci kafin na ɗaga, na ce shayi. Ya ce jiya fa, na ce shayi. Da na ambaci filasko sai ya daina dannawa ya zauna, ya ce "samari, kai ka karya kanka." Shi ya jawo takarda ya min lissafin da da na sani da ban kwanta ba.

Kilo ɗaya na kitse a jiki kusan kalori 7,700 ne, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Kenan kafin in tara kitse kilo uku da rabi sai na ci rarar kalori wajen 27,000 a kan abin da jikina ke ƙonawa, dubu tara kullum a kwana ukun nan, ko ragon ni kaɗai na cinye da wuya. To me sikeli ya gani? Ruwa, mafi yawa. Tsoka tana ajiye suga a matsayin gilaikojin, wajen giram 400 zuwa 500 ga mai jiki, hanta ma tana riƙe kamar 100, kuma kowane giram yana tafiya da ruwa kusan giram uku. Ni da na yi wata biyu ina ƙuntata wa kaina rumbun nan ya yi ƙasa, waina da shinkafa da lemo suka zo suka cika shi, wannan kaɗai zai iya kai kilo ɗaya zuwa biyu. Ga gishiri da magi na suya da yaji da ke riƙe ruwa, ga shi kansa abincin da bai gama wucewa ta hanji ba. Kitse dai an samu, ba a ce babu ba, naman Sallah a cikin mai ake toya shi kuma giram ɗin mai kalori 9 ne, furotin da sitaci 4, amma da wuya ya wuce rabin kilo.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne filaskon nan. A babban hanji yake aikinsa, alhali abinci tun a ƙaramin hanji jiki ya riga ya tsotse abin da zai tsotsa, ko kalori ɗin kirki ban fitar ba, ruwa da gishirin jikina na zubar a masai. Kenan ina da jiki cike da man fetur, ranar da ya kamata in fi kowace rana ƙarfi, na bi na tsiyaye shi da hannuna sannan na je na tsaya a kan 140. Sati bakwai ban taɓa ƙarfe ba, ina kwance ana kawo min ragowar naman Sallar dai ina ci don ba abin yi, lokacin ne na yi ƙibar gaske, na koma 86 kuma wannan karon ba ruwa bane.

Sallar 2025 na ce sai na gani da idona. Na ci kamar bara, abin da na canza kawai lemo na rage, na daina cin suya dab da kwanciya saboda ƙwannafi, ruwa kuma na sha sosai. Sikeli ya hau kilo biyu da ɗoriya, na kalle shi na wuce. Na koma cin da na saba, ba yunwa ba jiƙo, ranar farko a jim na yi sauƙi-sauƙi don cikin da nauyi, ta biyu kuwa benci, wato tura ƙarfe sama kana kwance rigingine, ya tashi kamar ba ni ba, kilo 95 da nake fama da ita ta hau sau huɗu, damtse ya cika riga. Kwana biyar sikeli ya dawo kusan inda yake ban yi masa komai ba, fitsari dai na sha yi.

Amma fa kar wani ya ɗauki wannan ya ce na ba shi lasisi. Akwai wani a jim ɗinmu duk Asabar da Lahadi yana gidan biki, yana cewa gina jiki yake, shi nasa tumbin ba gilaikojin bane, kowa na gani. Mai hawan jini ko ciwon suga kuma lissafinsa daban ne, da likitansa zai yi.

Dedilif har yanzu 135 nake, in na sunkuya ƙugun sai ya ɗan tuna min. Sauran filaskon yana nan a leda saman firij, rannan Hajiya ta gani tana tambayata ko na fara sayar da magani ne.