Ɗakunan katakon da aka karanta wasiƙun Jamus a cikinsu

Wanda ya saba ganin hotunan fadoji da dogayen gine-ginen Ingila, Bletchley Park ba zai burge shi da ganin farko ba. Wurin yana gefen garin Milton Keynes, kimanin kilomita 80 arewa maso yamma da Landan, kuma daga tashar jirgin ƙasa ta Euston tafiyar ba ta kai awa guda ba. Abin da ke ciki shi ne tsohon gidan wani attajiri, da ɗan tafki a gabansa, da jerin dogayen ɗakuna na katako da na bulo waɗanda aka gina cikin gaggawa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Birnin Kebbi, kuma na daɗe ina ambaton sunan wurin a aji, don haka da Allah ya nufa na kai ziyara wurin ƙanena da ke karatu a ƙasar, shi na sa a gaba kafin kowane gidan tarihi na cikin Landan.

A watan Agusta na 1939 ne hukumar Birtaniya mai kula da rubutun sirri ta tare a wannan gida, kuma aikinta shi ne karanta saƙonnin da sojojin Jamus da ƙawayensu ke aika wa juna ta rediyo. Kama saƙon bai da wuya, domin duk mai na'urar saurare zai iya jin sa, kuma akwai tashoshi da dama da ke rubuta abin da suka ji su aiko da shi, sau da yawa ta hannun masu babur. Wahalar tana cikin fahimtarsa, saboda kafin a aika shi an riga an bi da shi ta cikin wata na'ura mai suna Enigma, wadda wani injiniya Bajamushe, Arthur Scherbius, ya yi wa rajista a 1918.

Na daɗe tsaye a gaban wannan na'ura. Tana cikin akwatin katako, girmanta bai wuce na tafireta ba, tana da maɓallan haruffa 26 da ƙananan fitilu 26 a samansu. Idan aka danna harafi, wutar lantarki za ta ratsa ta cikin faya-fayai uku masu wayoyi a cikinsu, ta juyo ta sake ratsa su, sannan ta kunna fitilar wani harafi dabam, wanda shi ne za a rubuta a aika. Duk dannawa ɗaya kuma faifan farko zai juya da taki ɗaya, saboda haka idan mutum ya danna harafi guda sau biyar a jere, hanyar wutar tana sauyawa a kowane karo. Sojojin ƙasa na Jamus sukan zaɓi faifai uku daga cikin biyar, su saita mafarin kowanne, sannan su haɗa haruffa biyu-biyu har kashi goma da wayoyi a wani allo da ke gaban na'urar. Idan aka lissafa yawan hanyoyin da za a iya saita ta, adadin ya kusa 159 da sifiri 18 a bayansa, kuma kullum da tsakar dare ake sauya saitin. Zaurancen da muka yi muna yara ƙa'ida ɗaya ce da shi, wanda ya gane ta ya gama, amma wannan zaurance ne da ƙa'idarsa ke sauyawa a kan kowane harafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, kuma gidan tarihin ya ƙware wajen nuna shi, shi ne yadda aka shiga wa wannan adadi ta ƙananan kafofi biyu. Ta farko aibi ne a ƙirar na'urar kanta: harafi ba ya taɓa fitowa a matsayin kansa. Ta biyu kuwa ɗabi'ar ɗan Adam ce. Soja mutum ne mai bin tsari, yana aika rahoton yanayi a lokaci guda kowace safiya da kalmomi kusan iri ɗaya, wani kuma da ke zaune a wurin da ba a fafatawa yakan aika cewa babu wani abin da ya faru, yau da gobe da jibi. Masu aikin Bletchley sai su yi hasashen cewa kalma kaza tana cikin saƙon, su jera ta a ƙarƙashin haruffan da aka kama, su riƙa gusa ta har su sami gurbin da babu harafin da ya yi daidai da kansa. Daga nan ne na'urar da suka kira Bombe ke karɓar aikin, ta bi saiti bayan saiti tana zubar da waɗanda suka ci karo da hasashen, har ta tsaya a kan 'yan kaɗan da mutum zai iya gwadawa da hannu. Alan Turing ne ya tsara ta, Gordon Welchman ya ƙara mata wani sashe da ya ninka amfaninta, ta farko ta fara aiki a watan Maris na 1940, kuma kafin ƙarshen yaƙin an ƙera kusan 200.

Na yaba da cewa ba a ɓoye waɗanda suka share hanya ba. Akwai dutsen tunawa da masana lissafi uku 'yan ƙasar Folan, Marian Rejewski da Jerzy Różycki da Henryk Zygalski. Rejewski ne ya gano yadda wayoyin cikin faya-fayan suke tun a ƙarshen 1932, ta hanyar lissafi da taimakon wasu takardu da leƙen asirin Faransa ya samo, kuma a watan Yuli na 1939, makonni kaɗan kafin Jamus ta auka wa ƙasarsu, suka miƙa wa Birtaniya da Faransa duk abin da suka sani.

Ɗakunan katakon an gyara su ne yadda suke a da, da duhunsu da ƙuncinsu. A ɗaki na 8, inda aka yi fama da saƙonnin sojojin ruwa, an sake shirya ofishin Turing har da kofin shayinsa ɗaure da sarƙa a jikin bututun ɗumama ɗaki. Ƙanena ya yi dariya ya ce, “Yaya, ashe su ma ana ɗauke musu kofi a ofis.” A nan ne aka sha baƙar wahala a 1942, lokacin da jiragen Jamus masu nutso suka koma amfani da Enigma mai faifai huɗu a watan Fabrairu, aka yi wata goma ba a iya karanta saƙonninsu, suna ta nutsar da jiragen da ke kawo abinci da makamai daga Amurka. Sai da aka ciro wasu takardu daga wani jirgin Jamus da ke nutsewa a tekun Bahar Rum a watan Oktoba, inda sojojin ruwan Birtaniya biyu suka rasa rayukansu a cikinsa, sannan hanya ta sake buɗewa a Disamba. A ɗaki na 6 kuwa, lokacin da ake gyaran rufi a 2013, an tarar da takardun aiki na sirri da ma'aikata suka cusa a ramukan rufin don su tare iskar hunturu, alhali doka ta ce a ƙona su.

Sunaye biyu ko uku ne suka yi fice, amma a 1945 ma'aikatan wurin da rassansa sun kusa 10,000, kuma kashi uku cikin huɗu mata ne, suna aiki dare da rana bi da bi, wasu suna juya Bombe, wasu suna fassara, wasu suna rubuta kowane suna da kowace lamba a kan ƙananan katuna don a iya nemo su gobe. Dukansu sun sa hannu a kan alkawarin riƙe sirri, kuma sun riƙe shi har zuwa 1974 da labarin ya fara fitowa fili. Da yawa iyayensu sun rasu ba su san abin da 'ya'yansu suka yi a yaƙin ba.

A cikin harabar akwai wani gidan tarihin na dabam, mai tikitinsa na kansa, wanda ya keɓanta da tarihin kwamfuta, kuma wanda ya je bai shiga ba ya yi asara. Can aka ajiye Bombe da aka sake ƙerawa, can kuma Colossus yake, wata babbar na'urar lantarki da ke cikin kwamfutocin farko. Manyan hafsoshin Jamus ba Enigma suke amfani da ita ba, wata na'ura ce mai suna Lorenz mai faifai 12. A ranar 30 ga Agusta, 1941 wani ma'aikacin Jamus ya aika dogon saƙo mai haruffa kusan 4,000, aka ce masa bai iso da kyau ba, sai ya sake aika shi da saiti guda yana taƙaita wasu kalmomi don gajiya. Daga waɗannan saƙonni biyu John Tiltman ya fitar da rubutun, sannan wani matashi, Bill Tutte, ya zana dukan tsarin na'urar da bai taɓa gani da idonsa ba. Tommy Flowers, injiniyan hukumar gidan waya, shi ya ƙera Colossus don wannan aiki, da ƙwayayen bawul irin na tsohuwar rediyo, 1,600 a ta farko da ta fara aiki a farkon 1944, 2,400 a ta biyu, tana karanta haruffa 5,000 a daƙiƙa ɗaya daga zaren takarda mai huji. Bayan yaƙi an farfasa mafi yawansu, aka ƙona zanensu, shi ya sa sake gina wadda ke tsaye yanzu ya ci fiye da shekara goma. Tana aiki, ana jin zafinta a fuska.

Bayan wannan, gidajen tarihin cikin Landan sai suka zame mini kamar ci gaban darasi guda. A Gidan Tarihin Birtaniya, wanda aka kafa a 1753 kuma shiga kyauta ne, jama'a sun yi dafifi a kan Dutsen Rosetta, wanda aka tsinta a Masar a 1799. Sanarwa ce guda ta girmama sarki aka rubuta da salon rubutu uku, biyu na Misirawa ɗaya na Girkawa, kuma da yake ana iya karanta na Girkawa, sai ya zama abin da aka sani wanda aka jingina da shi aka warware abin da ba a sani ba, har wani masani Bafaranshe, Champollion, ya gano bakin zaren a 1822. Hanyar ita ce dai ta rahoton yanayi a Bletchley. A ɗakin Afirka na tsaya gaban tagullan Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897, kuma ra'ayina bai sauya ba, gida ya kamata su koma. A gidan tarihin kimiyya na ga injin lissafin Charles Babbage da aka ƙera a 1991 bisa zanensa na ƙarni na 19, na wuce da sauri saboda cunkoson 'yan makaranta.

Gidan tarihin yaƙi da ke Lambeth, mai manyan bindigogin jirgin ruwa biyu a ƙofarsa, shi ya dawo da hankalina gida. Yaƙin da ake ba da labarinsa namu ne mu ma. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a dazuzzukan Bama a 1944 da 1945, akwai Hausawa da yawa a cikinsu, kuma sunayen barikoki irin su Kalapanzin a Kaduna da Chindit a Zariya daga can suka samo asali. Bletchley tana da sashen da ke warware saƙonnin Japan, tana da kuma reshe a Delhi. Tsofaffin 'yan Bama da muka taso muka tarar a garuruwanmu, masu ba da labarin ruwan sama da ba ya ɗaukewa, sun kusa ƙarewa, kuma yawancin abin da suka sani ya bi su kabari.

Da na dawo na je Gwandu gaida wani kawuna, malamin zaure, na ba shi labarin. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Ɗana, ai ɓoye lamba cikin harafi mu ma mun gada.” Ya ɗauko wata waƙar ajami ya nuna mini ramzin da ke baitin ƙarshe, inda mawallafi ya dunƙule shekarar da ya gama waƙar cikin kalma guda. Ya bayyana mini cewa a lissafin da malamanmu suka karɓa daga Magrib, harafin shinun 1,000 ne, ra kuma 200, alhali a lissafin mutanen gabas shinun 300 ne, don haka wanda ya zo da lissafin gabas zai karanta kalmar daidai amma ya fitar da shekarar da ba ita ba. Ni kuma na ba shi labarin al-Kindi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9, wanda ya rubuta cewa ana iya warware rubutun sirri ta hanyar ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa a harshe, dabarar da Enigma da faya-fayanta aka ƙera musamman don su toshe.

Kayan tarihi kam muna da su. Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, wanda fadar sarki ce har zuwa 1942 kafin a mai da shi gidan tarihi a 1958, cike yake da masu da takubba da kwari da baka da tambura da kayan kamun kifi, ga kuma kaburburan sarakunan Kabi a cikinsa. Ganuwar Surame tana nan a daji. Abin da Bletchley ta yi wanda nake ganin ya fi sauƙin koyi shi ne neman tsofaffin ma'aikatanta tun suna raye, aka ɗauki muryoyinsu suna bayyana yadda ake aikin daki-daki, har mai ziyara yake jin su a cikin ɗakunan da suka zauna. Wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa, wayar hannu ta isa, kuma masu sanin yadda ake karanta ramzi, da ma'anar kowane bugun tambari, da ƙa'idodin kamun kifi a Matan Fada, suna nan da ransu a yau.

A zangon karatu mai zuwa zan fara da ɗalibaina na aji biyar. Zan ba su sakin layi na Hausa da aka musanya haruffansa, su ƙirga da kansu su gano wace alama ce ke tsaye a madadin harafin a, wanda ya fi kowane yawa a rubutunmu na boko, sannan su bi sauran. Kawu kuma ya amince zai zo ya koya musu lissafin ramzi, da sharaɗin in aika a ɗauko shi bayan sallar Azahar.